Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Matasa da Wasanni

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, iyayenmu masu unguwa, 'yan wasa da magoya baya. Ranka ya daɗe, a madadin ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa ta nan Mabera, muna yi maka lale marhabin. Ranar Sakkwato ba ta raga wa kowa, amma ka keto ta ka zo mana. Allah ya saka da alheri.

Ka iske mu da sabon koci, kuma har yanzu gardamarsa ba ta lafa ba a teburan masu shayi. Ina cikin waɗanda suka sa hannu aka ɗauko shi. Yana da takardar horarwa daga Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas. Abin da ya fi wannan a wurina, ba shi da ƙane ko ɗan maƙwabci a cikin yaran nan. Wanda ya makara atisayen bayan asuba, benci zai zauna, ko ɗan wane ne. Da can kunya ke hana mu ajiye yaro, don gobe za ka haɗu da babansa a masallaci.

Masu suka ma suna da hujja. Hausarsa ba ta nuna ba, sai da tafinta. Yana son gajeren fasin a ƙasa, filinmu kuwa rairayi ne, ƙwallo na tafiya sai ta tsaya. Albashinsa ya fi ƙarfin karo-karon da muke yi. Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne tsohon kocinmu, da ya raini yaran nan tun suna bugawa ba takalmi. Mun roƙe shi ya zauna mataimaki, tunda da ɗan gari akan ci gari, kuma ya amsa.

Tsorona gaggawarmu. A ci mu wasa uku, sai a ce a kore shi. Manchester United ta Ingila ta ɗauki Alex Ferguson a matsayin koci a 1986, bai ɗaga kofi ba sai 1990. Mu kaka biyu muka yi masa alkawari.

Ranka ya daɗe, roƙonmu a ba mu filin Giginya ko sau ɗaya a mako, yaran su saba da ciyawa, ko Sokoto United za ta ga na ɗauka a cikinsu. Ga kocin nan zai taso ya gaishe ka, bayan la'asar kuma a taka leda a gabanka.