Jimla Ɗaya, Taro Ya Shiga Kalanda

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ku dubi allon nan. Saƙo ne ya shigo, ana so a haɗu ranar Alhamis da ƙarfe uku. A da sai ka buɗe kalanda, ka lalubo ranar, ka cike gurbin suna, ka zaɓi lokacin farawa da na tashi. Kafin ka gama wani abu ya ɗauke maka hankali, shi ke nan taro ya bi ruwa.

To ga wata 'yar manhaja da ake liƙa wa burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, Chrome ce ko Firefox ko Edge. Alamarta na can sama ta hannun dama. Na danna, akwati ɗaya tak ya fito. Na rubuta jimla guda da Turanci kamar ina gaya wa aboki, ga ma'anarta: taro da abokan aiki, Alhamis, ƙarfe uku na rana. Kun gani? Ya shiga.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Google Calendar ya fito a 2006 da wani gurbi mai suna Quick Add da ke yin haka, manhajar Fantastical kuma ta yi suna da shi tun 2011. Amfanin samun dabarar a burauza shi ne ba sai ka bar shafin da kake karantawa ba.

Sai dai kada ku ɗauka manhajar ta gane maganarku. Tsinta take yi. Tana bin jimlar tana neman sunan rana, lamba mai kama da lokaci, ko kalma irin "gobe". In ta samu, sai ta duba agogon kwamfutarka ta yi lissafi daga yau. Abin da ya saura ta mai da shi sunan taron. Ba ka faɗi tsawon zaman ba? Galibi awa ɗaya za ta yanka maka. Ka ce kowace Litinin, ta jera maka shi mako-mako.

Daga nan ne tuntuɓe ke farawa. Ka rubuta 3/4: a tsarin Amurka 4 ga Maris ke nan, a Ingila kuwa 3 ga Afrilu. Kusan wata guda tsakani! Ka rubuta ƙarfe 8 ba ka ce na safe ko na dare ba, sai ta yi maka canki. Ita kuwa "Juma'a mai zuwa", ko mu mutane in yau Laraba ce sai mun tambayi juna, wannan ko ta sama?

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na tsakar dare. Ƙarfe goma sha biyu da rabi, ba ka kwanta ba, ka rubuta "gobe da safe". A ranka in gari ya waye kake nufi. Ita kuwa a wurinta sabuwar rana ta riga ta kama, sai ta tura maka taron kwana ɗaya gaba. Shi ya sa ni ba na danna ajiyewa sai na karanta ɗan layin nan na ƙasa, inda take nuna ranar da ta fahimta. In abokin taron yana wata ƙasa, a rubuta har da agogon ƙasar da ake nufi.

Maganar harshe kuma, yawancin waɗannan manhajoji da Turanci aka gina su. Mu muna da jibi da gata da citta, kowanne kalma ɗaya, amma ka rubuta "jibi" sai ka tarar da ita zaune cikin sunan taron. Sababbin da ke aiki da ƙirƙirarriyar basira sun fi kama zance, sai dai galibi suna aika abin da ka rubuta zuwa kwamfutocin wani kamfani kafin amsa ta dawo.

Wannan ya kawo mu kan izini. Lokacin saka manhajar, a tsaya a karanta abin da take nema. Ta nemi shiga kalanda, wannan aikinta ne. Ta ce tana son karanta duk shafin da ka buɗe? To a nan sai a yi hattara, a duba wa ya yi ta, yaushe rabon da a sabunta ta. In kuma ka daina amfani da ita, goge ta daga burauza bai wadatar ba. Shiga saitin tsaro na asusunka na Google ko Microsoft, ka nemo jerin manhajojin da ka ba izini, ka cire sunanta a can ma.