John Newton: Mai Fataucin Bayin Da Ya Zama Limamin Coci

Watan Maris na 1748 ne. Jirgin ruwa mai suna Greyhound yana hanyar komawa Ingila sai guguwa ta afka masa a tekun Atlantika. Ruwa ya fara cika jirgin, igiyar ruwa ta tafi da mutum ɗaya. Cikin masu fafutikar kwashe ruwan akwai John Newton, saurayi ɗan shekara 22, wanda ashar da saɓonsa suka gagari ko da matuƙan jirgi. A wannan dare ne bakin nan ya roƙi jinƙan Ubangiji. Bayan makonni suka samu suka isa gaɓar Ireland da rai.

An haife shi a Landan a 1725. Mahaifiyarsa, mace mai ibada, ta rasu bai cika shekara 7 ba, yana ɗan shekara 11 ya bi mahaifinsa teku. A 1744 aka tilasta masa shiga sojan ruwa, ya gudu, aka kamo shi aka yi masa bulala a gaban jama'a. Daga nan ya shiga cinikin bayi, ya faɗa hannun wani dillalin bayi a wani tsibiri kusa da Saliyo, inda ya sha yunwa da wulaƙanci.

To, galibi a wannan guguwa ake tsayar da labarin, a ce mugu ya tuba, shi ke nan. Amma ku saurari abin da ya biyo baya.

Newton bai bar cinikin bayi ba. Ƙarin girma ma ya samu. A 1750 ya zama kyaftin, ya yi tafiya 3 yana kwasar 'yan Afirka ta Yamma zuwa tsibiran Karibiyan. Ya rage ashar, yana karatun Littafi Mai Tsarki, ran Lahadi yana tara ma'aikatansa su yi sujada, alhali a ƙarƙashin ƙafafunsu mutane ne jibge cikin mari. A kundin jirginsa, bawan da ya mutu lamba kawai ake rubuta masa, ba suna. Da ya ji ƙishin-ƙishin tawaye, ya sa aka matse yatsun yara da ƙarfe don su faɗi gaskiya. Da hannunsa ya rubuta wannan. Kuma a 1754 da ya bar teku, ciwo ne ya sauke shi, ba nadama ba.

To ina tubar take? Shi kansa ya faɗa daga baya cewa bai zama mai bi na sosai ba sai bayan lokaci mai tsawo. A koyarwar Kirista, alheri kyauta ce da Allah ke ba wanda bai cancanta ba, ta wurin Yesu Kiristi. Afisawa 2 ta ce ceto ba ta ayyuka ba ne, kada wani ya yi fahariya. Haka ta kasance ga Shawulu, wanda ya goyi bayan jifan Istifanas kafin ya zama Manzo Bulus. Sai dai Shawulu ya daina tsananta wa masu bi nan take. Newton kuwa ya daɗe idonsa bai buɗe ba, kuma waɗanda suka biya kuɗin wannan jinkiri su ne mutanen da ke cikin jirginsa. A ganina, duk mai wa'azi da labarin nan ya tsallake su bai yi adalci ba.

A 1764 aka naɗa shi limami a garin Olney da ke Ingila, inda ya rubuta waƙar coci mai suna Amazing Grace, wato alheri mai ban mamaki, aka buga ta a 1779. Sannan ya koma wata coci a Landan. Can ne a 1785 wani matashin ɗan majalisa, William Wilberforce, ya zo neman shawara, yana tunanin barin siyasa. Newton ya ce masa ya zauna ya bauta wa Allah a majalisa. Wilberforce ne ya zama jagoran yaƙi da cinikin bayi.

Sai a 1788, shekara 34 bayan barinsa teku, Newton ya fito fili. Ya wallafa ƙasida yana bayyana yadda ake cunkusa bayi da yadda suke mutuwa, ya amsa laifinsa cikin kunya, ya kuma ba da shaida gaban hukuma. Majalisar Birtaniya ta haramta cinikin a Maris na 1807. Newton, tsoho kuma kusan makaho, ya rasu a Disamba na shekarar. Dokar 'yanta bayin da ke ƙasashen mulkin Birtaniya kuwa sai a 1833 aka zartar.