Tattaki a Gefen Dam ɗin Lamingo, Ƙarƙashin Dutsen Shere

Jama'a, barkanmu da safiya. Wancan dutsen da kuke hangowa ta gabas, wanda hazo ya ɗan lulluɓe kansa, shi ne Dutsen Shere. Ƙololuwarsa ta kai kimanin mita 1,829 daga doron teku. Ku kwantar da hankalinku, yau ba hawansa za mu yi ba. Nan ƙasa za mu tsaya, a wannan hanyar da ta bi gefen dam ɗin Lamingo, wadda dattijo mai ciwon gwiwa da jikansa mai koyon keke za su iya bi tare.

Me ya sa tafiya a nan ba ta galabaitar da mutum kamar a Kano ko Sakkwato? Tudu ne. Garin Jos yana zaune a kan kimanin mita 1,200, kuma duk mita dubu da aka hau, zafin iska yakan ragu da wajen digiri shida. Shi ya sa za ka yi awa guda kana tafiya gumi bai jiƙa maka riga ba. Amma a watan Disamba da Janairu, wanda ya fito bayan Asuba ba rigar sanyi zai yaba wa aya zaƙinta.

Yanzu ku dubi ruwan nan da kyau, don shi ne abin da na fi so mu fahimta. Wannan dam ɗin yana cikin waɗanda ake ba garin Jos ruwan sha daga gare su, saboda haka ba wurin wanka ba ne, ba wurin wanke kare ko babur ba ne. Sai kuma tafkunan da za ka riƙa cin karo da su a kewayen gari, musamman wajen Rayfield da Bukuru. Yawancinsu ramukan kuza ne. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawan Ingila suka yi ta haƙa, da kasuwa ta faɗi suka tafi suka bar ramukan, ruwan sama ya cika su. Tafki na Allah da Annabi a hankali yake zurfafa, kana shiga kana jin ƙasa. Ramin kuza kuwa bakinsa a tsaye yake kamar rijiya, taku biyu ka rasa inda za ka dafa, ƙasansa laka ce mai riƙe ƙafa, ga sanyin da ke sandarar da jiki. Ruwan ya kwanta lumui, ya yi kyau a hoto, amma ya ci gwanayen iyo ba ɗaya ba ba biyu ba. In da yara kuka zo, hannunsu a naku.

Masu keke, hanyar jar ƙasa ce da marmara. Da rani ƙura da tsakuwa, da damina, wato daga Afrilu zuwa Oktoba, santsi. Ka duba birki tun daga gida, ka ɗan rage iskar taya don ta kama ƙasa, ka taho da famfo da kayan faci. In ka taso a bayan masu tafiya a ƙafa, ka kaɗa ƙararrawa tun daga nesa, ka yi sallama.

Sai batun kare, wanda na san wasu sun riga sun yamutsa fuska. A Jos dai zama ne na cuɗanya, kuma hanya ta kowa ce. Mai kare, riƙe shi da igiya, gajeriya. Wanda ke tahowa ta gabanka wataƙila da alwalarsa ya fito, ba ya son a lasar masa tufa, kuma cewa "ba ya cizo" ba ta taɓa kwantar wa kowa da hankali ba. Nan kuma hanyar shanu ce. Kare ya saki jiki ya bi garke, rigima ce ka saya da kuɗinka. Ka tabbata an yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare. Ba mu da uzuri a nan, tunda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana Vom, nan kusa da Jos, tun 1924, kuma tana yin wannan allurar.

Kun ga wannan shingen mai ƙaya da aka kewaye gona da shi? Ƙerana ce. In ta karye tana fitar da farin ruwa kamar nono, in ya shiga ido sai an yi da gaske. Kada yaro ya karya, kada kare ya cusa kai. Gonar da ke ciki ma ta mutane ce, yankin nan na Afizere ne, waɗanda muka fi sani da Jarawa. In ka tarar da mai gona, ka gaishe shi, ka tambayi hanya, shi ya san inda ake bi yau da inda ba a bi.

Kada ka zo kai kaɗai, kuma ka gaya wa na gida inda ka nufa. Mu dai nan za mu juya, don ga hadari can ya fara haɗowa a kan Shere, kuma ruwan Jos ba ya sallama.