Daga Yamai zuwa Jidda: awa nawa ake yi a sama?

Jama'a, barkanku da warhaka. Duk wanda ya taɓa raka maniyyaci filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai ya ji ana wannan tambaya: yaushe za su sauka?

Tsakanin Yamai da filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda akwai kimanin kilomita 4,000 in an miƙe sak. Jirgin fasinja yana cin wajen kilomita 850 a awa, amma ba da wannan gudu yake tashi ba, kuma ba da shi yake sauka ba. In an haɗa hawa da gangarowa, abin yakan kai awa biyar da rabi ko kusa da haka. Iskar can sama ma tana da tata rawar: in ta biyo bayan jirgi ta rage, in ta tare gabansa ta ƙara.

In kun dubi taswira, layin ya ratsa Nijar, ya keta arewacin Chadi, ya shiga Sudan, sannan ya haye Bahar Maliya. Ƙasashen da kakanninmu suka ratsa ke nan a ƙafa da kan raƙuma, wasu su shekara da shekaru a hanya, wasu su zauna a Sudan har yau jikokinsu na can. To, tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka riƙa kewayewa, tafiyar ta ƙara tsawo.

Sai batun agogo, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Saudiyya ta riga Nijar da awa biyu, kuma lokacin saukar da aka rubuta a tikiti na garin da za a sauka ne. Jirgi ya tashi ƙarfe 10 na dare, ya yi awa biyar da rabi, agogon hannun Baba zai nuna 3 da rabi, na bangon filin Jidda kuwa 5 da rabi na asuba. A dawowa kuma sai ka ga kamar awa uku da rabi kawai aka yi.

Mai zuwa Umra da ya bi ta Addis Ababa ko Istanbul, lissafinsa dabam ne, don zaman jiran jirgi na biyu kaɗai yana iya fin tafiyar tsawo.

Ni dai tsofaffi nake ji. Hajiyar da ta taso daga Tawa ta riga ta sha fiye da kilomita 500 a mota kafin ta ga jirgi, ga layin fasfo, ga awon kaya. Ku sa mata maganinta a ƙaramar jakar hannu, kada ya tafi cikin babban akwati, ku haɗa mata da rigar sanyi, don cikin jirgi da dare akwai sanyi sosai.