Fodkas: Wa zai shaida wa waya cewa akwai wurin ajiye mota?

Hajiya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Yamai. Yau ina tare da Malam da Injiniya, kuma batunmu shi ne ƙera manhajar salula da za ta nuna wa direba inda zai ajiye motarsa, musamman a kewayen Babbar Kasuwa da kasuwannin Katako da Wadata, inda mutum kan yi ta zagaye cikin rana mai na ƙonewa. Injiniya, daga ina ake farawa?

Injiniya: Hajiya, taswira da sanin inda direba yake ba su ne matsalar ba, domin akwai taswirar OpenStreetMap wadda kowa ke iya amfani da ita kyauta, kuma GPS na waya yana nuna wurin mutum da kuskuren 'yan mitoci kawai. Abin da ke da wuya shi ne manhajar ta san cewa a wannan mintin akwai gurbi a gefen titi kaza, saboda labarin da ya yi rabin awa ba shi da sauran amfani.

Malam: Ai a Amurka sun gwada. A shekarar 2011 birnin San Faransisko ya ƙaddamar da shirin SFpark, inda aka binne na'urori cikin kwalta domin su gane ko akwai mota a kansu. Me zai hana mu kwaikwaya?

Injiniya: Malam, wannan na'urar tana bukatar gurbin da aka shata da fenti, mota ɗaya a gurbi ɗaya. A nan kuwa yawancin inda ake tsayawa gefen hanya ne mai rairayi, wanda mota da kabu-kabu da mai baro da mai tebur suke rabawa, da damina kuma ruwa ya kwanta a kai. Ko a can ma an kashe na'urorin a ƙarshen 2013, bayan gwajin ya ƙare.

Hajiya: To ni a ganina muna da wanda ya fi na'ura, wato mai gadin motoci. Shi ne yake ɗaga maka hannu tun daga nesa, ya kawar da wani babur domin ka shiga, ya ɗora kwali a kan gilashin gaba saboda kada sitiyari ya yi zafi, in ka fito ka miƙa masa dala ashirin. Ya san motar da mai ita ya shiga sayen atamfa zai daɗe, ya san wadda za ta tashi yanzu.

Injiniya: Nan ne nake ganin ya kamata a gina manhajar. A ba mai gadi maɓalli biyu kawai, kore idan da wuri, ja idan an cika, kuma duk labarin da ya wuce minti goma ya goge da kansa. Wanda wayarsa ba ta intanet ba ce sai ya aika ta gajeriyar lamba, irin wadda ake latsawa wajen sayen kati. Direba kuma a faɗa masa da murya, da Hausa ko Zabarmanci ko Faransanci, don kada ya riƙa kallon waya yana kan Gadar Kennedy.

Malam: Ina da tsoro ɗaya, Injiniya. Gefen titi na jama'a ne, kuma da zarar kuɗi sun shigo, mai gadi zai fara tsare wuri domin wanda ya fi biya. A 2014 hukumomin San Faransisko sun umarci manhajar MonkeyParking ta daina aiki saboda ta mayar da guraben titi abin gwanjo.

Injiniya: Gaskiyarka, Malam. Shi ya sa kada manhajar ta yarda a kama wuri a kan titi tun kafin a iso, sai dai a filaye masu shinge waɗanda suke da masu su. Kuɗin gadi kuma a rubuta su ƙarara, ko da hannu za a biya ko ta Airtel Money, kuma dole ne ofishin magajin gari ya fayyace inda aka halatta tsayawa kafin a sa shi cikin taswira.

Hajiya: Ke nan da wane wuri za ka fara?

Injiniya: Da ƙofa ɗaya ta Babbar Kasuwa, Hajiya, tare da masu gadin da suka amince, kuma a makon jajibirin Sallah zan gwada ta, lokacin da cunkoso ya fi tsanani.