Amsoshin Tambayoyinku: Idon Jinjiri

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Yau wasiƙu uku muka ware, dukansu a kan idon jinjiri.

Ta farko daga unguwar Zariya ta zo, nan cikin Maraɗi. Wata mai haihuwar fari ce ke cewa ɗanta ya yi sati biyu, amma in ta wuce ta gabansa ko kallonta ba ya yi, anya yana gani kuwa? Baiwar Allah, kwantar da hankalinki. Jinjiri sabon haihuwa abin da ke kusa kawai yake gani, kamar santimita 20 zuwa 30, wato tazarar fuskarki da tasa in kina ba shi nono. Bayan wannan dishi-dishi ne. Wajen sati 6 zuwa 8 zai fara kafe ki da ido yana murmushi. In ya kai wata 3, ki ɗauki jan ƙyalle ki zagaya da shi a hankali gabansa, ya kamata idonsa ya bi. In bai bi ba, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya ran awo. Harara-garke mai zuwa ta tafi ma ba abin tsoro ba ce kafin wata 4. Wadda ta zauna daram, ko ta wuce wannan lokaci, ita ake kai wa likita.

Ta biyu daga Tibiri, wata kaka ce ta sa aka rubuto. Jikanta kwana huɗu da haihuwa, idanu sun kumbura, kwantsa kamar mugunya, an ɗiga nono an sa kwalli, abin sai gaba yake. Inna, don Allah yau ɗin nan a kai shi asibiti, kada a jira suna. Irin wannan ciwo sau da yawa wajen haihuwa jinjiri ke ɗaukarsa daga uwa, kuma wani irinsa cikin 'yan kwanaki yake cinye ido. Shi ya sa ake sa wa jinjiri man ido da zarar an haife shi a asibiti. Uwar da mijinta ma a duba su. Kwalli kuwa, na san ado ne tun kaka da kakanni, amma wani akwai dalma a cikinsa, ga tsinke ɗaya ido goma.

Ta uku ita ta fi tsaya mini a rai. Wani magidanci daga Madarunfa ya ce ya ɗauki hoton 'yarsa mai wata biyar da daddare, hasken salula ya faɗa mata a fuska, sai ya ga ido ɗaya ja, ɗayan fari fat yana ƙyalli kamar idon mussa. An ce masa in ta girma zai washe.

Malam, ba ya washewa. Jan nan shi ne lafiya: haske ya shiga har bayan ido ya dawo. Fari kuwa sau da yawa alama ce wani abu ya tare hanya. Yana iya zama yanar ido, don ba tsofaffi kaɗai take kamawa ba, ana haihuwar yaro da ita. Yana iya zama kuma kansar ido ta yara, wadda in an same ta da wuri ana ceton rai, wani lokaci har da idon. Awon ba shi da zafi: likita zai rage hasken ɗaki, ya haska idanun biyu da 'yar fitilarsa, ko minti ɗaya ba a yi.

Dalilin gaggawar shi ne, gani koyonsa ƙwaƙwalwa take yi. Idon da bai aika mata hoto mai kyau ba tun farko, sai ta yi watsi da shi ta riƙe ɗayan. In an bari sai yarinyar ta isa shiga lakwal, ko an cire yanar, da wuya ganin ya dawo sosai. Ka ɗauko ta cikin satin nan zuwa sashen ido na babban asibiti nan Maraɗi, ka zo da karnen awonta, hoton nan kuma kada ka goge shi, ka nuna wa likita.

Akwai wasiƙa daga Tasawa a kan dundumi da bitamin A, ita sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.