Murfin bodin a-kori-kura: shin yana rage shan mai?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cewa tallafin man fetur ya ƙare, duk mai mota a Najeriya ya koma ɗan lissafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 a yawancin jihohi cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000. A irin wannan hali, duk wanda ya zo da abin da ya ce zai rage wa mota shan mai, ba ya rasa masu saurarensa. Cikin kayan da ake tallata wa masu a-kori-kura, musamman masu Hilux da ire-irenta, akwai murfin bodi. Wani na leda mai kauri ne da ake naɗewa, wani na alminiyam ne mai ninkuwa gida uku, wani kuma falle ɗaya ne mai tauri da ake ɗagawa gaba ɗayansa. Masu sayarwa suna cewa da zarar an rufe bodin, iska za ta daina faɗawa ciki tana riƙe motar, mai zai yi auki, motar kuma za ta ƙara sakewa a kan babbar hanya. A wasu tallace-tallacen intanet har kashi 10 cikin 100 ake ambatawa.

Maganar tana da tushe, kada mu yi mata watsi da wuri. Iska tana riƙe mota, riƙo ma mai tsanani. Duk wanda ya taɓa fitar da tafin hannunsa ta taga ya sani: a cikin gari da kyar yake jin komai, amma a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya sai ya ji ana tura hannun baya da ƙarfi. Ƙa'idar ita ce idan gudu ya ninka sau biyu, turjiyar iska ninkuwa take yi sau huɗu. Motar da ke tafiya kilomita 120 a awa tana fama da iska ninki huɗu na wadda ke tafiya 60. Shi ya sa a doguwar tafiya mai sauri, rabin wahalar da inji ke sha wajen tura mota, ko ma fiye, ta iska ce.

Inda aka samu kuskure shi ne yadda muke zaton iskar ke bi. Hankali yana ba mutum cewa iska na gangarowa daga rufin mota ta faɗa cikin bodi, ta bugi ƙofar baya, ta tsaya. Ba haka abin yake ba. Idan mota ta ɗauki gudu kuma ƙofar baya tana rufe, wata 'yar guguwa ce ke haɗuwa a cikin bodin, ta zauna tana juyawa a wuri ɗaya. Iskar da ke tahowa daga gaba sai ta hau kan wannan guguwa ta zarce, ba ta sauka ƙasa ba. Kuna iya gani da idonku. Ku lura da ledar ruwa ko busasshen ganye da aka bari a bayan a-kori-kura tana gudu. Maimakon ya maƙale a ƙofar baya, sai ku ga ya silalo gaba ta ƙasan bodin, ya zo jikin gilashin baya, ya yi sama, ya sake komawa. Hanyar guguwar ke nan yake nuna muku. Wato tun kafin a sayi wani murfi, iska ta riga ta yi wa bodin rabin rufi da kanta, kuma injiniyoyin da suka zana motar da wannan suka yi lissafi.

Wannan ne ma ya rushe wata tsohuwar al'ada ta direbobi, ta sauke ƙofar baya in bodi babu kaya wai don iska ta wuce. Shirin talabijin na Amurka mai suna MythBusters ya gwada haka a 2005 da motoci biyu iri ɗaya, sai aka ga mai saukakkiyar ƙofa ita ta riga shanye manta. Sauke ƙofar tarwatsa guguwar yake yi, iska ta shiga dukan ƙasan bodin. Ga kuma haɗarin da ke tattare da ƙofar da ta miƙo baya ga mai babur ɗin da ke biye. Don Allah direba, rufe ƙofarka.

To, murfin fa? A Amurka ne aka fi bin diddigin wannan tambaya, domin a can a-kori-kura motar gida ce, da ita ake zuwa ofis da kasuwa, kuma Ford samfurin F ta shafe shekaru da dama tana kan gaba a ciniki. A 2007 ƙungiyar SEMA ta kai manyan a-kori-kura zauren gwajin iska, wato wani dogon gini da ake tsayar da mota a ciki, manyan fankoki su hura mata iska, na'urori su auna ƙarfin turin. Sun gwada murfi iri-iri, suka samu cewa a tsaka-tsaki turjiyar iska ta ragu da kusan kashi 6 cikin 100. A nan ne mai saye ya kamata ya buɗe kunne. Ragin turjiyar iska daban, ragin mai daban. Inji ba iska kaɗai yake yaƙa ba. Akwai gogayyar taya da kwalta, akwai nauyi, akwai asarar da ke cikin injin kansa da giya, akwai na'urar sanyaya mota. Da aka juya wannan kashi 6 zuwa mai, abin da ya fito bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Kuma ku sani SEMA ƙungiya ce ta kamfanonin da ke ƙera kayan ƙarin mota suna sayarwa, har da masu yin murfin. Idan ƙungiyar masu kayan da kanta ba ta kai kashi 2 ba, daga ina mai talla ya samo 10?

Sai kuma mujallar Consumer Reports, wadda ba ta sayar da murfi, aikinta gwada kaya don amfanin masu saye. A 2013 ta hau hanya da wata a-kori-kura samfurin Ram, tana tafiya mil 65 a awa, kimanin kilomita 105 ke nan. Da ƙofar baya a rufe ba murfi, motar ta yi mil 22.3 da galan ɗaya. Da aka sauke ƙofar ta koma 21.5. Da aka ɗaura murfin leda kuwa ta koma 21.4. Kun ji, a wannan motar murfin ƙara shan mai ya yi.

Ba na son a ɗauka cewa gwaji ɗaya ya kashe magana. Kamfanonin mota da kansu sun taɓa sa murfi a samfuran da suka fitar don tsimin mai, kamar Chevrolet Silverado XFE ta 2009 da Ram 1500 HFE ta 2013. Ba su yi haka a banza ba. Sai dai a Silverado ɗin, ba murfi kaɗai aka sa ba: an sauke tsayin motar, an ƙara wa gabanta abin tare iska, an sauya tayoyi, an rage nauyi, duk wannan ya haɗu ya ba da ƙarin mil ɗaya a galan. Abin da waɗannan gwaje-gwaje ke nunawa tare shi ne amfanin ƙarami ne, yana iya bayyana a wata mota ya ɓace a wata, gwargwadon tsawon bodi, da siffar gidan direba, da irin murfin. Mai gida biyu da gajeren bodi ba ɗaya take da mai gida ɗaya da dogon bodi ba.

Bari mu buga lissafin da kuɗinmu. A ce motarka na yin kilomita 10 da lita ɗaya, ka yi tafiyar kilomita 400. Lita 40 ke nan. A ce murfin ya ba ka kashi 2 cif, wanda shi ne iyakar alherinsa. Abin da ka tsira da shi bai cika lita ɗaya ba. Idan a shekara kana cin kilomita 20,000, kuma dukkansu a kan babbar hanya da gudu, ragin ya kama lita 40, wato naira 40,000 in an sa lita a kan 1,000. Je ka tambayi farashin murfi mai kyau, ka raba da wannan, ka ga shekara nawa za ka jira kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Kuma wa ke yin dukkan tafiyarsa a kan buɗaɗɗiyar kwalta? Wanda yininsa ke ƙarewa a cunkoson Kasuwar Singa ko Dawanau, yana taka birki yana sakewa, iska ba ta cikin matsalolinsa. A wurinsa nauyi ne abin lura. Hukumar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa ƙarin kaya mai nauyin kilo 45 na rage aukin mai da kusan kashi 1 cikin 100, kuma akwai murfi mai tauri da ke kaiwa wannan nauyi. Ɗan abin da ya samo maka a hanya sai ya karɓe a cikin gari.

Batun ƙarin gudu ko zaman mota a kan hanya ba ya buƙatar dogon bayani. Murfi ba ya ƙara wa inji ƙarfi, ba ya gyara birki, ba ya sa taya ta ƙara kama kwalta. In ka ji motar ta ɗan yi shiru, wannan yana yiwuwa.

Akwai kuma abin da gwaje-gwajen Amurka ba su taɓo ba, alhali shi ne rayuwar a-kori-kura a wurinmu. Su da bodi fayau suka yi gwaji. Mu kuwa yaushe bodi ke zama fayau? Ku tsaya bakin hanya ranar kasuwa ku gani: buhunan masara an jera har sun wuce rufi, an ɗora kwandunan tumatir, an ja igiya, an yafa tamfol, yaron mota na zaune a can ƙoli, gefen tamfol ɗin na kaɗawa fat-fat-fat tun daga tasha har masauki. Duk abin da ya ɗara rufin mota tsayi ko ya fito ta gefe ƙara faɗin fuskar da ke karo da iska yake yi, kuma tamfol mai kaɗawa jan motar baya yake. Hukumar makamashin da na ambata ta ce akwatin kaya da ake ɗorawa a kan rufi kaɗai na iya rage aukin mai da kashi 10 zuwa 25 cikin 100 a gudun babbar hanya. Wannan akwati ne ɗaya. Ina ga lodin da ya yi tsiri? Na san mai motar haya ba don sha'awa yake lodin ba, kuɗin mai da na balas ne ke tilasta shi. Amma ko a hakan akwai abin yi da ba ya cin ko sisi: a sa dogon kaya a gaba jikin gidan direba, a gangaro da shi zuwa baya, a soke bakin tamfol ta gaba yadda iska ba za ta shiga ƙarƙashinsa ba, a ɗaure shi tamau ta kowace kusurwa. Tamfol ɗin da ya kwance ya faɗa kan gilashin motar baya yana iya jawo asarar rai.

Haka ma masu yi wa Hilux ado. Ƙaton ƙarfen gaba, da fitilun da aka jera a rufi, da tayoyi masu manyan haƙora, da ɗaga mota sama, kowannensu ƙarin mai ne. Abin yana ba ni takaici in ga motar da aka yi wa duk wannan, sannan mai ita ya sayi murfi da niyyar tsimi.

Ni ra'ayina, murfi abu ne mai amfani, kuma wanda ke da hali ya saya. Yana kare siminti da taki da buhun gari daga ruwan damina. Yana rage ƙurar hunturu a kan kaya. Mai makulli yana ɓoye kayan aikin injiniya ko ɗan kwangila daga idon ɓarawo a wurin ajiye motoci, yana kuma hana ƙananan kaya tashi su faɗa kan hanya. Waɗannan dalilai sun isa. Abin da ba na so shi ne magidanci ya cire kuɗin da ya tara da gumi a kan alkawarin ragin man da ba zai gani ba.

Mai neman ragi na gaske ya fara da ƙafarsa ta dama. Aukin mai yana faɗuwa da sauri da zarar an wuce kilomita 80 a awa, don haka saukowa daga 120 zuwa 100 zai ba ka abin da murfi ba zai taɓa ba ka ba. Tuƙin fizga, a danne totur a caka birki, yana cin kashi 15 zuwa 30 cikin 100 a babbar hanya, a ƙiyasin waccan hukuma. Sai iskar taya: ka tsaya wurin mai faci da safe kafin taya ta yi zafi, ka sa ya auna da geji, ka bi adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ka daina yarda da bugun ƙafa. Ka sauke tarkacen da ya yi wata yana yawo a bodi ba dalili.

Wanda kuma ya riga ya sayi murfin yana son ya san gaskiyar tasa motar, gwajin ba wuya. Ya cika tanki a famfo ɗaya har ya katse da kansa, ya rubuta lambar kilomita, ya yi tafiyarsa, ya dawo ya cika a wannan famfon, ya raba kilomita da lita. Ya yi haka da murfi, ya kuma yi babu murfi, a hanya ɗaya, da kaya ɗaya, da gudu ɗaya. Lallai ya haɗa zuwa da dawowa a kowane awo, domin iskar hunturu da ta tura shi a tafiya ita za ta tare shi a komowa, kuma bambancin da take kawowa ya fi na murfin girma. Kada ya yanke hukunci da tanki ɗaya; ya maimaita sau da dama kafin ya kwatanta alƙaluman.